Gajeren Burodin Malam

Tsakiyar daminar bana ce, lokacin da ruwa ya yi ta sauka kamar ba zai ɗauke ba. Katangar bayan gidanmu a Tudun Wadar Zariya ta jiƙa har ta zauna, kaji suka koma kwana a madafa. Shekarar ba ta zo mana da sauƙi ba. Tun cikin bazara Malam, maigidana, ya faɗi a bakin rijiya yana alwala, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, kuma daga ranar abinci ya fita daga ransa. Tuwo loma biyu, kunu kurɓa uku, sai ya kau da kai. Likita ya ce magani ba zai yi aiki a cikin da babu komai ba.

Tun da na dawo daga Dubai, 'yan ajinmu na yaƙi da jahilci ba su bar ni na huta ba. Wannan ta ce, "Ladi, da gaske ne ana kasa zinariya a kasuwa kamar tumatir?" Waccan ta ce, "Kin ga dogon benen nan?" Malamarmu ta ce tun da Allah Ya sa na iya riƙe alƙalami, in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. To ga shi. Inda na yi kuskure a gyara mini.

Autata Rumasa'u ce ta haihu a can, haihuwar fari. Mijinta Nazifi yana aiki a wurin da ake ɗaure wa 'yan kasuwarmu kaya ana turowa gida. Shi ya yi mini biza, ya ce in zo in yi mata wankan jego. Ni dai na ce ba inda zan je in bar mara lafiya. Malam ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya ce da bakinsa da ya karkace, "Ki je. Yarinya ba ta da kowa a can. Ni ina da Sani da matarsa." Sani shi ne babban ɗanmu, gida ɗaya muke.

Ranar da zan tashi, da hantsi, na shiga yi masa sallama. Ya jira matar Sani ta fita da kwanon kunun da bai sha ba, sannan ya ce in matso.

"Ladi, in kin je, ki nemo mini gajeren burodi."

Na fi shekara talatin ban ji sunan nan ba.

"Kuma kada ki faɗa wa yara," ya ce. "Kada su ce tsoho ya koma kwaɗayi."

Bari in gaya muku mene ne gajeren burodi. Lokacin da aka kawo ni gidan Malam, direba ne a wurin wani Bature ɗan Ingila mai gyaran injuna. Matar Baturen ana aiko mata da wani biskit daga ƙasarsu a cikin gwangwani ja mai zane kamar na bargo. Ba irin biskit ɗin da yara ke saye a tireda ba ne. Kauri gare shi kamar yatsa biyu, an yi masa 'yan huje-huje a baya, yana ƙamshin man shanu, da ka sa a baki sai ya narke. Ina laulayin cikin Sani a lokacin, ko ruwa na sha sai ya dawo. Sai Malam ya riƙa shigowa da yamma, ya cire hularsa, ya fito da guda biyu a naɗe cikin takarda. Shi kaɗai ne abin da ke zama a cikina. In na miƙa masa ɗaya sai ya ce, "Ci abinki, na ci nawa a hanya." Na tambaye shi sunansa, ya ce in aka mayar da shi Hausa, gajeren burodi ke nan. Da Turawan za su koma, matar ta ba shi gwangwanin. A ciki nake ajiye zare da allura har yau.

Wata huɗu Malam bai ce yana son cin wani abu ba, sai ranar. Don haka na ɗauki gwangwanin nan na cusa a jakar hannuna, na ce in na je sai in nuna a ba ni irinsa.

Sani ya kai ni Kano a mota. A filin jirgi aka sa jakata a cikin na'ura, sai wata ma'aikaciya ta kira ni gefe. Ta buɗe gwangwani, ga almakashi, ga reza, ga allurai sun fi ashirin a soke jikin tsumma. Ta dube ni ta ce, "Hajiya, ɗinki za ki yi wa matuƙin jirgi?" Mutane suka yi dariya. Ana ta kiran fasinjoji, na rikice, maimakon in juye kayan in riƙe gwangwanin, sai na miƙa shi gaba ɗaya aka fitar wa Sani. Sai da jirgi ya ɗaga, na ga Kano ta koma kamar faifai, sannan na gane abin da na yi. Ba abin da ya rage a hannuna sai suna.

Mun sauka a Habasha aka canza mana jirgi. A nan na fara haɗuwa da matakala mai tafiya da kanta. Na tsaya ina kallonta, tana kallona, har wata 'yar kasuwa Bakanuwa ta kama hannuna ta ce, "Yi bisimilla ki taka, Hajiya, ba ta cizo." A Dubai kuma wani jami'i mai farar jallabiya ya buɗe akwatina, ya ga garin kunu da kanwa da yaji da alkaki, ya kai hanci kan ƙullin daddawa. Ya ja da baya, ya rufe akwatin da kansa, ya ce, "Khalas, yalla." Daga baya na koyi ma'anarsa: shi ke nan, wuce.

Da muka fito waje na ɗauka kusa da gidan burodi muka tsaya. Ashe iskar garin ce haka.

Gidansu yana Al Buteen, tsohuwar unguwa a bakin ruwa, shaguna a ƙasa mutane a sama. Hawa na biyar, ɗaki ɗaya da falo, shi suke kira filat. Ba tsakar gida, ba zaure, ba inda za ka zubar da ruwan wanke-wanke. Maƙwabcinka yana bayan bango amma ba ka san sunansa ba. An yi suna ban iso ba, wai mutum takwas ne suka zo, aka ci shinkafa a robobi aka watse. Na tuna sunan Rumasa'u ita kanta, da aka girke tukwane har a ƙofar gidan maƙwabta.

Wanka kuwa ba itace, ba ganga. Famfo za ka murɗa, ruwan zafi ya zo. Na hangi bishiyar darbejiya a bakin titi na yi murna, na ce a tsinko mini ganye. Rumasa'u ta ce, "Inna, rufa mana asiri, nan bishiya ma tana da mai tsaronta." Haka muka yi wankanmu da tawul. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne suruki. A gida suruki yana gaishe ka daga zaure ya juya. A nan in na fito zan shiga bayi sai mu yi kiciɓis, ya durƙusa, in koma da baya, shi ma ya koma da baya, bayin ya zauna ba kowa.

Ranar da na buɗe ƙullin alkaki, Rumasa'u ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ba ta ci ba, sai hawaye. Ta ce, "Inna, ƙamshin ɗakinki." Ga firij cike da cakulan kala-kala da mijinta ke saye, amma alkakin nan ta ɓoye shi a ƙarƙashin kayan jariri, rabi-rabi take ci.

Bayan kwana bakwai na fara nema. A ƙasan benen akwai masu gasa gurasa a tanderu, mutanen Pakistan. Na sauka na ce, "Burodi," na haɗa yatsuna na nuna ƙarami. Mai tanderun ya yi murmushi ya ba ni gurasa mai faɗin faifai. Washegari na je wani shagon, aka ba ni burodi zagayayye kamar ƙwallo. Na uku, dogo siriri kamar rake, mai shagon ya ga ina nuna gajere sai ya sa wuƙa ya raba shi biyu. Kunya ba ta bari in ƙi karɓa. Kullum sai in hau sama da leda.

Nazifi ya lura. Ya je ya tsare matarsa a ɗaki, ina jiyo shi: "Umma ba ta ƙoshi a gidan nan, kin bar ta tana sayen burodi!" Daga ranar kullum ya taso daga Al Quoz, inda ma'ajiyar kayansu take, sai ya shigo da burodi leda biyu ya ajiye a ƙofar falo ya gudu. Muka wayi gari burodi har kan talabijin. Rumasa'u ta ce, "Inna, don Allah me kike nema?" Na ce, "Ba komai, ina ganin gari ne."

Ranar Juma'a ake kira mana gida a waya mai hoto. Kowane mako wuyan rigar Malam yana ƙara yi masa yawa. Matar Sani na riƙe da wayar, don haka ba ya iya fitowa fili. Sai ya tambayi jariri, ya tambayi zafi, can ya ce, "Ladi, ya maganar nan?"

"Ana nan ana nema, Malam."

"To. Allah Ya sa a dace."

Juma'a ta huɗu bai tambaya ba. Wannan ya fi tambayar ciwo. Na koma bakin taga na zauna ina kallon kwalekwalen da ke ƙetare da mutane, ina tuna ƙarar kekensa in ya jingina shi a zaure, da yadda yake yin gyaran murya kafin ya shigo. Ga ni a garin da aka ce ba abin da babu, na rasa abu ɗaya.

Akwai wata mata a hawa na uku, Memuna, mutuniyar Zangon Kumasi a Gana. Ta manyanta, 'ya'yanta huɗu suna can wurin uwarta, shekara uku ba ta gan su ba. A wani babban kanti take aikin jera kaya. Ranar hutunta takan hawo ta ɗauki jariri ta yi ta shinshinar kansa. Hausarsu daban ce, ba ruwansu da mace ko namiji, kowa "kai" ne. Ranar farko da ta ce mini, "Mma, kana lafiya?" sai da na waiga in ga ko wani ne a bayana.

Saura kwana biyar in taho, Rumasa'u na barci, Memuna ta same ni a bakin tagar nan. Ta ce, "Mma, kai jikinka yana nan, zuciyarka yana gida." Na yi tunani. Malam ya ce kada in faɗa wa yara. Memuna ba 'yarmu ba ce. Sai na faɗa mata duka, tun daga hular har zuwa filin jirgi.

Ta ce, "Gajeren burodi? Shekara shida ina jera kaya, ban ji shi ba. Yaya yake?"

Na ce ba burodi ba ne ma, biskit ne. Gwangwani ja, mai zanen bargo.

Ta riƙe haɓa tana maimaitawa a hankali. "Gajere... burodi... gajere..." Sai ta faɗi wata kalma da Turanci, ta ƙara wata, ta haɗa su. Ta zabura har jariri ya motsa. "Shot-bured! Wayyo Allah, Mma! Mijinka ya fassara shi ne! Sunansa ke nan, ba a fassara shi. Kai kana yawo gidan burodi wata guda, abin yana layi na tara, ni nake goge masa ƙura!"

Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ni ma na yi, rabona da irinta tun bazara.

Washegari ta ce wa Rumasa'u za ta kai ni sayen tsaraba. Muka hau jirgin ƙasa wanda ba shi da direba, a taragon mata zalla, abin da na ce da za a kawo mana shi da an huta. Kantin ya fi kasuwar Tudun Wada girma, ga sanyi kamar cikin randa. Ta ja ni har wani layi da aka liƙa wa tutar Ingila. Ta ce duk abin da ke nan daga can ake kawo shi, don mutanensu da ke aiki a garin. Alewa mai kama haƙori, minti, cakulan, soyayyen dankali mai tsami a leda, ganyen shayi. Na ga Larabawa suna ɗiba, na ga Indiyawa, na ga wasu Alhazan Kano biyu sun cika keken kaya da cakulan suna gardama, ɗaya na cewa na Ingila ya fi zama a baki, ɗayan na cewa kafin kwantena ta isa Legas ya zama kunu.

Wata tsohuwar Baturiya tana tsaye a wurin, gashinta fari fat. Ta ɗauko wata 'yar kwalba mai baƙin abu a ciki, ta rungume ta a ƙirji kamar ta ga ɗan'uwa. Memuna ta raɗa mini, "Daddawansu ke nan. Na taɓa lasa, kwana biyu ban manta ba. Amma in ya ƙare a kanti, zo ka ga fuskarsu." Na dubi matar nan, na tuna Rumasa'u da alkakinta. Ashe Bature ma yana kewar gida, kuma shi ma ta baki take kama shi.

Sai ga gwangwanin a ƙasa-ƙasa. Ja, da zanen bargon nan, ko layi ɗaya bai canza ba. Na durƙusa na ɗauka. Baturiyar ta dubi gwangwanin, ta dube ni, ta faɗi wata magana tana murmushi. Memuna ta ce, "Wai uwarsa a irin wannan yake ajiye zare da allura." Na ce, "Gaya mata har a Zariya."

Na naɗe shi a cikin zanena na sa a tsakiyar akwati. Ranar tahowa Rumasa'u ta riƙe mayafina a filin jirgi kamar ranar da na fara kai ta makaranta. Nazifi ya durƙusa ya miƙo mini leda, ya ce, "Umma, ko za ki ci a hanya." Burodi ne.

Da la'asar muka iso gida. Ruwa ya ɗauke, an fara yankan gero. Malam yana kwance a kan katifarsa, ya rage kamar rabinsa. Sai da 'yan sannu da zuwa suka ragu, matar Sani ta tafi ɗora girki, sannan na sakaya ƙofa na warware zanen. Ya daɗe yana kallon gwangwanin. Ya sa hannunsa mai lafiya yana shafa murfin.

Na buɗe. Ƙamshin ya cika ɗakin, sai ga ni a ɗakinmu na haya na farko, ina zaune a bakin gado da ciki wata uku. Na ɗauko ɗaya na miƙa masa.

Ya ce, "Fara ci."

Na gutsura.

"Shi ne?"

"Shi ne, Malam. Ɗanɗana ka ji, ai kai ma za ka gane."

Ya yi ɗan murmushin da rabin fuskarsa ke iya yi. "Ni ina zan gane, Ladi? Ban taɓa sa shi a baki ba."

Na ce, "Ba kai ke cewa ka ci naka a hanya ba?"

"Biyu matar Baturen take ba ni," ya ce. "Biyu nake kawo miki." Ya huta kaɗan, don magana tana gajiyar da shi. "Ina kwance a nan ina tunani, na ce abin nan ya zauna a cikin Ladi lokacin da komai ya ƙi zama. Ko ni ma zai zauna mini."

Na ɗauko wani. Na sa masa a hannu, ya kai baki, amma haƙora da harshe suka ƙi ba shi haɗin kai, garin ya zube a kan rigarsa. Ya kau da kai wajen bango, ya ce in bari sai wani lokaci. Na kakkaɓe masa rigar, na rufe gwangwanin.

Washegari bayan sallar asuba na hura wuta da kaina, na dafa shayi da madara, na bar shi ya huce. Na ɗauko tsohuwar hularsa daga kan ƙusa, na naɗe guda biyu a takarda na sa a ciki. Na yi gyaran murya a bakin ƙofa, na shiga, na ajiye hular a gabansa. Na tsoma na farko a shayi har ya yi laushi, na ba shi a cokali. Ya haɗiye. Na jira. Ya buɗe baki, na ƙara masa. Da na farko ya ƙare sai ya tura mini na biyun da yatsa.

Na ce, "Ci abinka, na ci nawa a hanya."

Na tsoma shi a shayin.